Larai da Ledojin Tapkin Mirriya

Duk wanda ya bi ta bakin tapkin da ke bayan lambunan Mirriya da hantsi, zai ga wata doguwar mata ta tattare zani zuwa ƙwauri, riƙe da sanda mai ƙugiya, tana tsamo leda daga ruwa. Larai ke nan, ɗiyar marigayi Nomau mai tufka igiya. Ta haura hamsin, bakinta kuwa, wai! Ko ƴan tasha ba sa ja da ita.

Tun tana ƴar mitsitsiya ta koyi tufka da kaba a wurin ubanta. Da mijinta ya rasu, igiyar nan da awaki uku ne suka rufa mata asiri. Sai awakin suka shiga ramewa, ciki a kumbure, ga dusa ba sa kallo. Biyu suka tafi a damina guda. Ta biyun ma da ƙyar maƙwabcinta Alkasum mahauci ya samu ya yanka kafin ta zama mushe. Da ya farke tumbin, sai ga dunƙulen baƙar leda ya kusa cika ƙwarya.

"Inna Larai, ga abin da ya kashe miki awaki," in ji shi. "A bakin tapki suke kwasa in sun je shan ruwa."

Ran nan Larai ta rantse leda ba za ta ci mata ta ukun ba, wata jar akuya da take kira Ƴar Gata. Kashegari ta faɗa tapki da ƙugiya. Masu lambu suka yi ta dariya, wai Larai ta fara tsince-tsince, Allah ya sawwaƙe. Ta ce musu, "Ku da ke shan fura a leda ku jefar a ruwan da kuke ban ruwa da shi, ku ne masu hankali ko?"

Ledar ta taru mata buhu-buhu. Wata rana tana zaune hannunta ya murza guda biyu bisa sabo, sai ta ga sun kama juna. Kai! Ashe leda na tufkuwa! Igiyar kuma ba ta ruɓewa a rijiya yadda ta kaba ke yi. Kafin wata biyu, masu dariyar nan su ne ke layi a ƙofarta suna neman igiyar guga. Larai kuwa murna kamar ta taka rawa.

To, ga inda ta tafka wauta. Ubanta a kan danga yake shanya kaba, don haka ita ma a kan danga ta shanya ledar, dab da turken Ƴar Gata. Cikinsu har da ledojin ƙosai da soyayyen kifi da ta tsinto a bakin ruwa, da sauran mai da gishiri a jiki. Ta tafi kasuwa ta dawo, rabin danga fayau, akuya na lashe baki. Larai ta ɗora hannu a ka. Abin da ta yi wata da watanni tana kare akuyar daga gare shi, ita da kanta ta kawo mata har gida!

Cikin ƴan kwanaki Ƴar Gata ta daina ci, ta daina tuƙa. Alkasum ya leƙo da wuƙarsa. "Inna, a yanka tun da sauran numfashi."

"Mai da wuƙarka kube, Alkasum!"

Ta kinkimi akuya sai tasha. Direban motar Damagaram ya ce a ɗaure ta a saman mota. Larai ta ce sai dai shi a ɗaure shi can. A cinyarta akuyar ta yi tafiyar, fasinjoji na ta guna-guni.

Likitar dabbobi, wata mai suna Munira, ta tsaga cikin, ta fitar da ledar, ta ɗinke. Ta ce, "Inna, ki sa ido a bakinta. In ta koma tuƙa, ta tsira. In kwana uku suka wuce ba ta yi ba, ki kira mahauci."

Kwana biyu Larai ko tapki ba ta leƙa ba. Rana ta uku da hantsi tana zaune gaban turke, ranta duk a jagule, sai ta ga muƙamuƙin akuyar ya motsa. Ya sake motsawa. Larai ta rangaɗa guɗar da ta tashi unguwa duka!

Mata suka shigo da gudu suna tambayar wa ya haihu. Ta nuna musu bakin akuya, ta nuna musu ƙullin ledar da likita ta ba ta. Barira, mai awaki shida da ke kiwo a bakin tapkin, ta juya ƙullin a hannu. Ta ce, "Yaya Larai, a ina ake ƙera irin ƙugiyar nan taki?"

Larai ba ta ma ji ta ba. Ta durƙusa gaban Ƴar Gata, hawaye na zuba, tana dariya tana cewa, "Tuƙa, ƴar nan, tuƙa abinki."