Yadda Surukina Ya Cinye Ni da Gaisuwa

Shekarar da surukina ya dawo daga aikin Hajji, sauran alhazan Wudil sun zo da agoguna da dardumomi da rediyo mai kaset, shi kuwa ya zo da fitina a cikin kwali. Wani ɗan baƙin akwati ne da ake jona wa talabijin. In an kunna sai sanduna biyu farare su fito, ɗaya a dama ɗaya a hagu, da wani ɗigo mai kai da kawowa tsakaninsu yana kuka kamar ɗan tsako. Kowane ɗan wasa yana riƙe da wani abu mai kama da murfin kwalba, in ya murza sai sandarsa ta hau ko ta sauka ta tare ɗigon. Wanda ɗigo ya wuce shi, an ci shi. Iyakar wasan ke nan, amma na ga masu furfura sun kusa rasa jam'in magariba a kansa.

Alhaji babban dillalin shanu ne a kara, kuma lokacin kuɗi ne, har injin wuta ya saya saboda akwatin nan. Ni kuwa malamin firamare ne a Indabo. Da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, abokan aikina duk suka sayi babura, ni na zuba nawa a auren 'yarsa. Ban yi nadama ba, amma kullum suka wuce ni a hanya ina fama da keke, sai in bi su da kallo har su ɓace.

Ranar Juma'a, da yake Alhaji yana wuni a kara, ni da ƙannen matata muke mamaye zauren. A nan hannuna ya faɗa. Ba yabon kai ba, ɗigon nan in ina murzawa sai dai ya koma inda ya fito.

Ana nan sai kantin da ke sayar da irin akwatin a Kano ya aiko wa masu shi cewa za a yi gasa. Kowane gida ya turo mutum ɗaya, wanda ya zo na ɗaya zai hau sabon babur. Da na ji, har na fara tunanin inda zan riƙa jingine shi a makaranta.

Alhaji ya ce shi ba ya son zalunci, za a yi tankaɗe da rairaya a fitar da wakilin gidan kamar a filin kokawa, wanda aka kayar ya koma gefe. Abin da ban zata ba shi ne har da shi a cikin masu karawa. Ni ban taɓa wasa da shi ba, don suruki ba abokin zama a tabarma ɗaya ba ne. In na hango shi daga nesa ma takalmi nake tuɓewa. Sai na yi ta addu'a wani ya fitar mini da shi tun da wuri. Ina! Yaransa na kara sai su saki ɗigo da gangan, su tafa hannu su ce, "Kai, Alhaji, wannan hannu naka da albarka yake!" 'Ya'yansa kuwa ko da wasa ba su gwada ba. Haka ya yi ta haurawa ta can, ni ina share nawa ta nan, har ya rage daga ni sai shi.

Na kai wa matata kukana, ina tsammanin ta tausaya mini. Tana tankaɗen gari, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, Baba fa bai taɓa shiga ciniki ya fito a ƙasa ba."

"Ai wannan ba saniya ba ce," na ce. "Bai iya ba, wallahi bai iya ba."

Dariya kawai ta yi, irin wadda ke ba ni haushi har yau.

Ranar karawa, bayan la'asar, zaure ya cika har ƙofa. Alhaji ya hakimce a kujera. Ni na tuɓe takalmi a waje, na shigo a duƙe, na durƙusa. Wayar abin murzawar gajeriya ce, dole na matso har gwiwata ta kusa taɓa ƙafarsa, kusancin da ban taɓa yi da shi ba ko ranar ɗaurin aure. Talabijin ɗin tana kan dogon tebur, sai na ɗaga kai sama kafin in gan ta. Na riga na ƙulla a raina cewa zan ci shi da kaɗan, cin mutunci ba kyau, amma ci kam zan ci.

Aka fara. Na ci shi ɗaya, na ƙara. Zaure ya yi tsit, ba mai tari. Ɗigo ya sake nufo wajena, na shirya tarewa, sai na ji murya a saman kaina.

"Malam, ina wuni?"

Kafin in yi tunani kaina ya riga ya sunkuya. "Lafiya lau, Baba." Na ji kukan ɗan tsakon nan, na ɗago, ɗigo ya wuce.

Na ce a raina tsautsayi ne. Aka sake bugowa.

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba."

"Ya mutanen Indabo?"

"Suna lafiya, Baba."

"Ya jikin tsohuwarka? An ce ƙafar ta matsa mata."

"Da sauƙi, Baba, tana gaishe ku."

Kowace tambaya sai ya jira ɗigo ya tsallako tsakiya sannan ya sako ta. Ni kuwa wuyana ya ƙi jin maganata. Yaya za a yi surukinka ya tambaye ka jikin mahaifiyarka, a gaban jama'a, ka amsa masa kana kallon gilashi? Na gwada satar kallo ta gefen ido, sai wani tsoho a bayana ya yi gyaran murya. Alhaji ya tambaye ni zafi, ya tambaye ni ibada, ya tambaye ni gero, har lafiyar hedimasta sai da ya tambaya, mutumin da bai taɓa gani ba. Ƙannen matata sun toshe baki da hula suna shessheƙar dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma bakina bai fasa cewa "Alhamdu lillahi, Baba" ba har ya cinye ni aka tashi.

Ya miƙe ya gyara babbar riga, ya ce, "Madalla. Malam ya yi ƙoƙari. Shi zai raka ni Kano."

Haka na bi shi a motarsa a-kori-kura, ina riƙe masa buta. A kantin an jera talabijin, samari sun cika wurin da gashi buzu-buzu da wanduna masu faɗin ƙafa. Aka haɗa Alhaji da wani ɗalibin jami'a mai taunar cingam. Bugun farko ɗalibin ya ci. Sai na ga Alhaji ya gyara zama, ya jira ɗigo ya tsallaka tsakiya.

"Samari, ina wuni?"

"Lafiya," in ji ɗalibin, idonsa a kan gilashi.

"Ya mutanen gida?"

"Oke suke."

"Ɗan gidan wa ne kai?"

"Alhaji, ka tare, ga shi nan zuwa."

Bai tare ba. Kafin ruwan sanyin da aka ba mu ya huce, an fitar da wakilin Wudil ko ɗaya bai ci ba. Allah ya gani na yi niyyar jin tausayinsa, amma sai da na fita bayan kantin na yi dariya har da hawaye, sannan na tuna babur ɗina ne ya tafi, dariyar ta tsaya.

Muka kamo hanyar gida. Direba na tuƙi, Alhaji na jan carbi, ni na maƙure a jikin ƙofa. Sai da muka hau gadar Wudil Alhaji ya nisa.

"Yaran birni ba su da tarbiyya. Ka gaishe da yaro, ko kallonka ba zai yi ba."

"Haka ne, Baba."

"Da kai na shigar, da yanzu babur ɗin nan yana bayan motar nan."

Na ƙara ƙanƙame butarsa.

Ya juyo ya dube ni sosai, ya ce, "Amma laifinka ne, Malam. Ana wasan babur, wa ya ce ka riƙa sunkuyar da kai?"

Ina da amsa, tana nan a kan harshena da zafinta. Na sunkuyar da kai na ce, "A yi haƙuri, Baba."