Masaƙa da Masaƙu

Masana sun daɗe suna neman abin da ke durƙusar da al'umma. Wasu sun ce yaƙi, wasu fari, wasu mugun shugabanci. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina akawun kwamiti a majalisa ina da amsar da ta fi tasu gajarta: wasali ne. Wasali ɗaya tak, a ƙarshen kalma. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku gyara zama.

Ranar da har gobe ba ta bar raina ba wata Laraba ce, gab da faɗuwar damina. Lokacin ina mataki na tara, ni ke rubuta rahoton kwamiti, ni ke fassara sanarwa zuwa Hausa, domin kafin in zo majalisa Hausa nake koyarwa a sakandare, kuma ban bar kowa ya manta da hakan ba.

Ƙudurori biyu ne a gabanmu. Na farko na tsara manyan makarantu: kowace kwaleji sai ta sami lasisi, sai masu tantancewa sun zo sun ga kayan koyarwa da idonsu, kuma babu mai tsayawa gaban aji sai mai digiri. Na biyu na farfaɗo da masana'antar tufafi: sauƙin samun auduga da zare, rangwamen lantarki, da umarnin cewa gwamnati ta riƙa sayen yadin gida. Duk sun wuce karatu na biyu, an miƙo wa kwamiti. Abin da ya rage shi ne jin ra'ayin jama'a, wato ranar da ake tara mutane a tambaye su abin da suke so game da abin da aka riga aka gama. Don a huta da tafiya biyu, aka haɗa zaman shiyyarmu a rana ɗaya, a wani ɗakin taro a Birnin Kudu: ilimi da safe, tufafi da yamma.

Na zauna na fassara sanarwar. Na rubuta "Dokar Tallafa wa Masaƙa", ina nufin masaƙa ta injuna, mai bututun hayaƙi da ƙofar ƙarfe. Na manta cewa wanda ke saƙa da hannu masaƙi ne, idan sun yi yawa kuma masaƙa. A baki ba sa rikicewa, domin muryar mai magana tana sauka a tsakiyar masaƙa mutane, masaƙa wuri kuwa a miƙe ake faɗarta. Takarda ba ta da murya. Mai karanta sanarwa a rediyo ya zaɓi wadda ya ga dama, ya saukar da murya, kwana uku yana gayyatar mutanen da ba mu san suna raye ba.

Na iso ɗakin taron da sassafe na tarar da wata akori-kura a bakin ƙofa, dattawa suna sauka daga bayanta suna kakkaɓe riguna. Daga ƙasar Gwaram suke, yawancinsu mutanen Dingaya, kaɗan daga Kwandiko. Kowa da ƙunshi a hammata. Jagoransu wani dogon tsoho ne, Baba Haladu, wanda yatsunsa suka yi kanta kamar ƙahon rago. Ya tambayi wane ne mai rubuta suna, aka nuna ni.

Ya gaishe ni a tsanake, ya tambayi iyali da gajiya, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ɗan kasuwar da ke kawo musu zare daga Kano ya daina, matan da ke kaɗi sun tsufa, abin da ya rage masa ba zai kai shi kaka ba. Ɗansa direba ya matsa ya tumɓuke sandunan saƙar ya koma wajensa Kano ya huta, kuma Baba ya yi masa alkawarin bayan sallah zai je. Sai ga sanarwarmu.

"Malam, shekarata hamsin a ramin saƙa, ban taɓa jin gwamnati ta ambaci sunanmu ba sai shekaranjiya," in ji shi. "Ina za mu dangwala?"

A nan take na gane abin da na aikata. Da ma'aikacin kirki ne, da ya gaya masa gaskiya a bakin ƙofar nan. Ni ƙwararren ma'aikaci ne, sai na miƙa masa rajistar mahalarta taro. Suka bi layi suka dangwala, kowa yana bisimilla.

Zaman safe ya ci awa uku. Daktoci da shugabannin kwalejoji suka yi ta musayar Turanci kan ingancin ilimi, dattawan suna baya suna gyaɗa kai cikin ladabi, kamar masu sauraron tafsirin da ba a fassara ba. Wanda ya fi kowa kumfar baki shi ne Dakta Nasiru, mai wata kwaleji mai zaman kanta a cikin gari. Ya ce dole a kori jahilai daga aji, ya nemi a ƙara tsaurara sharaɗin digiri. Aka tafa masa. Baba Haladu ma ya tafa.

Bayan azahar aka shiga batun tufafi. Mun jera kujeru a gaba, kowacce da takardar sunan kamfanin da muka gayyata. Kujerun sun halarta cif. Kamfanonin ne ba su zo ba, wasu don nisa, wasu don sun rufe tun kafin a haifi mai kai wasiƙar. Ciyaman ɗin kwamitinmu ya dubi kujeru, ya dubi masu ɗaukar hoto, fuskarsa ta fara canzawa. Sai ya hango dattawa da ƙunshe-ƙunshe, ya sa aka dawo da su gaba.

Suka kwance kaya. Gwado ne da saƙi da farin da ba a rina ba, aiki mai nauyi, irin wanda ake gada. Ciyaman ya yafa gwadon Baba Haladu a kafaɗa, ya juya dama ya juya hagu, ya sanar da cewa wannan doka tasu ce, don su aka yi ta. Aka ba Baba lasifika. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce ba su zo neman mota ko kujerar Makka ba, zare suke so. Sannan ya nuna kundin da ke gaban Ciyaman.

"Ranka ya daɗe, a cikin takardar nan, ta ina muke?"

Ciyaman ya ce akawu zai yi bayani. Haka manya suke, idan abu ya yi daɗi nasu ne, idan ya zo da ƙaya akwai akawu.

Na miƙe na buɗe sashe na biyu, inda kowace doka ke faɗin abin da take nufi da kalmominta. Na fassara a hankali: masaƙa na nufin kamfani mai rajista, mai injuna masu aiki da lantarki, wanda manajansa ke da shaidar karatu daga makarantar da aka tantance.

Baba Haladu ya dube ni. Ya ce, "Wato masaƙar da ba ta saƙa tana ciki, mai saƙa yana waje."

Na ce kusan haka ne, Baba.

"To Allah ya ƙara ilimi," in ji shi, ya zauna. Gwadon bai dawo ba. Ciyaman ya ɗauka kyauta ce, kuma babu wanda ya ga dacewar gyara masa fahimta.

Kada ku ce ban yi komai ba. A rahoton kwamiti na cusa shawara cewa a ƙara "da masu saƙar hannu" a sashe na biyu. Kalma huɗu. Lauyan majalisa ya gani, ya ce wannan sauya manufar doka ne, sai an koma baya, kuma zango ya kusa ƙarewa. Ciyaman ya kira ni ofis ya tambaye ni ko ni aka zaɓa ko shi. Na ce shi. Ya ce to in tuna. Washegari na sami takardar tuhuma kan yaudarar jama'a ta hanyar fassara, na amsa cikin shafi biyu, har da bayanin karin sauti, wanda na tabbata babu wanda ya karanta. Hukuncin da aka yanke shi ne in gyara kuskurena. Na goge a, na sa u. Dokar ta zama ta tallafa wa masaƙu, ta wuce karatu na uku, aka sa mata hannu rana ɗaya da ta manyan makarantu. A hoton bikin, gwadon yana kafaɗar Ciyaman.

Bayan sallah da 'yan kwanaki sai ga Dakta Nasiru a ofishina. Ashe ranar taron, yayin da nake shan kunya, shi yana shafa saƙin yana lissafi. Kwalejinsa na son buɗe sashen koyon saƙa da rini, domin yanzu harkar ta sami doka, kuma masu tantancewa suna tafe, su kuwa sai sun ga kayan aiki. Inji ya fi ƙarfinsa. Ya tambaye ni garin tsohon nan. Na kwatanta masa har ƙofar gida, ina jin kamar an sauke mini dutse daga ka. Ya tarar Baba ya riga ya tumɓuke sandunan, yana jiran ɗansa ya zo da mota. Motar kwaleji ta riga ta ɗansa zuwa.

Aka haƙa rami a bayan ɗakin karatu, aka kafa sanduna, aka yi rumfa, aka sayo zare. Masu tantancewa suka zo suka tsaya suna kallon ƙoshiya tana kai da komowa tsakanin zaruruwa, suka yaba, suka rubuta cewa sashen ya haɗa kimiyya da gadon iyaye. Kwalejin ta sami lasisi.

Abin da na koya a aikin nan ke nan, kuma kyauta nake ba ku. Doka ba ta ƙin talaka, ba ta san shi ba ne. Wanda take so tana faɗin sunansa a sashe na biyu, saboda haka ku fara karatu daga can kafin ku gayyaci kowa. Mu kuma akawuna, mun fi tsoron kuskuren harafi a kan kuskuren da ke cikin abin da harafin ya faɗa, domin na farko ne kawai ake tuhuma a kansa.

Bara na bi ta kwalejin. Na sami Baba Haladu a raminsa, ɗalibai sun kewaye shi. A cikinsu har da shugaban sashen, wani mai digiri biyu da ke fama da ƙoshiya, Baba yana ce masa ya sassauta hannu, ba maciji ba ce. Ya gane ni tun daga nesa. Ya ce zare dai akwai, alhamdu lillahi, kuma bai je Kano ba. Sai ya ciro katin ma'aikata da ke rataye a wuyansa, ya miƙo mini, ya ce in karanta masa abin da aka rubuta a ƙarƙashin hotonsa.

Na duba. Na ce hasken wurin bai isa ba.

"Ai na san abin da ke ciki, Malam," in ji shi. "So nake in ji ko wannan karon za ka karanta daidai."

Dokar da na buga da hannuna ta ce babu mai koyarwa sai mai digiri. Maigadi aka rubuta, mataki na biyu. Babu kuskuren wasali ko ɗaya.