Guntun Tiyon da Ke Aljihun Sista

Ƙarfe bakwai na safe bai taɓa samun ta a gida ba. Kafin masu shara su gama ta buɗe ɗakin ɗibar jini, ta jera kwalabe, ta leƙo wajen masu jira a benci: "Wa ya karya a cikinku? Kada wanda ya ce mini shayi ba abinci ba ne!" Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Sista Tiyo ake ce mata, saboda guntun tiyon ruwa da ba ya barin aljihunta. Ta ɗiga kyandir a cikinsa har ramin ya tsuke. Likita zai rubuta LDL a takarda ya wuce, ita ce mai zaunar da mutum ta ce, "Hura." In iska ta ƙi fita sai ta ce, "To, haka mugun kitse ke liƙewa a jijiyoyin zuciya. Ba ya sallama."

Babana tela ne, siriri kamar allurarsa. Ranar da sakamakon gwajin jininsa ya fito, shekara ashirin da suka wuce, aka ce kitse ya yi yawa, dariya ya yi.

"Haba Sista, dube ni fa. Ina kitsen? Ɗan tsako ma ya fi ni."

"Baba tela, yayanka da aka kawo mana bara ranga-ranga, ƙato ne?"

Marigayin ma siriri ne, bai kai hamsin ba.

Duk da haka da ya koma shago sai ya jefa maganin da aka ba shi cikin gwangwanin maɓallai. Labari ya kai mata. Ranar Asabar sai ga ta da riga a leda, wai a rage mata hannu. Ta zauna, ta ce ba inda za ta sai ya haɗiyi ƙwayar. Mako na zagayowa ta dawo, wai hannun ya matse. Wata huɗu rigar nan tana shan farka da ɗinki, har Baba ya gaji ya ce, "Na ji, zan sha! Ki bar rigar nan ta huta."

A bangon asibitin hotunan manya ne jere. Nata babu. Su riƙe bangonsu. Ke ce kika tsaya har gwiwoyinki suka kumbura. Ke ce ƙananan likitoci suka kira "mai ɗibar jini", kika share, kika kuma nuna musu jijiyar da suka kasa samu. Murucin kan dutse, ba ki fito ba sai da kika shirya.

Mun gode, Sista. Allah Ya saka da alheri, Ya ba gwiwoyin nan hutu. Masu gadon kujerarta, ku gaji haƙurinta. Sauranmu kuwa, mai jiki da siriri, mu je a auna jininmu tun ƙafa na ɗaukar mu.

Baba ya cika sittin da biyar. Yana shago yanzu haka, yana ɗinka rigar da za ta sa ranar ban-kwana. Ya ce hannun, ko ta so ko ta ƙi, sau ɗaya zai ɗinka shi.