Kason Laftana Arezki

Shekara arba'in da ɗaya ina yankan watanda a ƙauyenmu, Tala Melal, a duwatsun Kabiliya. Aikin ba shi da wani sirri. Ranar Ashura a kayar da bijimai a dandalin masallaci, in feɗe, in kasa naman tsibi-tsibi a kan ganyen ɓaure, kowane rai da nasa. Jaririn da aka haifa jiya yana da kaso, mai leburanci a Faransa yana da kaso. Sai mai kira ya miƙe ya bi sunaye gida-gida. Wanda ba a kira ba, ba ɗan gari ba ne.

Mutum ɗaya na sani da ya yi shekara goma sha ɗaya ba a kira shi ba. Shi ne Dda Arezki na gidan Ait Sliman, wanda muke ce wa Laftana. A wurinmu Dda da Nna lakabin girmamawa ne, na dattijo da na dattijuwa.

Gidansu gidan kaki ne, amma ba don suna so ba. Kakansa Muhand ya shiga sojan Faransa bayan an ƙwace musu gonar kwari, ya dawo da hannu ɗaya. Ubansa Akli ya tafi yaƙin Jamus na farko, takarda ce ta dawo a madadinsa. Arezki yana ɗan shekara huɗu a lokacin. Da ya tasa aka kai shi makarantar 'ya'yan soja, daga can sai bariki. A yaƙin Italiya igwa ta cinye masa kunnen hagu, aka ba shi laftana, nan kuma ya tsaya. Turawan da ya koya wa riƙon bindiga duk suka wuce shi. Ya yi ritaya ya dawo gida wajen matarsa Nna Dahbiya da ɗansu guda, Lunis, ya kama gyaran itatuwan zaitun.

Ba mai surutu ba ne. In ana gayya, shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen zama gaban akushi. Mukan tsokane shi:

"Dda Arezki, nan ba bariki ba ne. Matso kafin waɗannan kurayen su suɗe kwanon."

Sai ya juyo da kunnen dama ya ce, "Hafsa ba ya ci sai mutanensa sun ci."

"To su wa ye mutanen naka? Mu dai ba mu ga albashi ba."

Yakan yi ɗan murmushi, ya ci gaba da tsayuwarsa.

A shekara ta huɗu da fara yaƙin neman 'yanci, sojojin Faransa suka kewaye gari da hantsi, suka kwashe mu maza goma sha biyu, wai muna kai wa mayaƙan 'yanci da ke dawa abinci. Gaskiya ne, muna kaiwa. Ni ina ciki, Lunis yana ciki. Kwana uku muna tsugune a harabar barikin da ke bakin hanya.

Rana ta huɗu muka ga Dda Arezki ya shigo cikin tsohon kakinsa, lambobi jere a ƙirji, takalmi yana ƙyalli. Ya ƙame ya sara wa kyaftin, yaron da a haife Dda Arezki zai haife shi. Ya ɗauka kakin zai yi magana. Kyaftin ya bar shi a rana har azahar, sannan ya fito yana sakace.

"Don lambobinka na ba ka biyar. Zaɓa."

Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba. Ya bi layi a hankali. Ya dafa ni, ina da 'ya'ya biyar. Ya dafa Amar, mai shida. Ya dafa wasu uku, duk masu baki da yawa a gida. Lunis yana da shekara ashirin da biyu, bai yi aure ba. Da uban ya zo gabansa, ya ce, "Baba," sau ɗaya. Dda Arezki ya wuce, wuyansa a sanƙare.

Bakwai ɗin aka zuba su a mota. Ko gawa ba mu gani ba.

Tun ranar Nna Dahbiya ba ta ƙara ce masa uffan ba. Tana dafa masa, tana wanke masa alkyabba, amma ban da magana.

Da aka sami 'yanci aka zo watandar farko, majalisar gari ta zauna a kan sunaye. Si Hamu, wanda ƙanensa yake cikin bakwai ɗin, ya tashi ya ce, "Ya sa kayansu, ya sara musu, ya nuna wanda zai mutu. A cire shi." Mu biyar da aka dafa muna zaune a wurin. Babu wanda ya buɗe baki, har ni. Kunyar kasancewa da rai ce ta ɗaure mu. Wannan ba hujja ba ce, ina faɗin abin da ya faru ne.

Da yamma na ɗauki rabin kasona na kai masa. Ya dubi naman ya ce, "Rabah, mayar wa yaranka. Ni ba yunwa nake ji ba. Sunana nake so a kira."

Duk shekara sai ya zo. Ya tsaya a gindin bangon masallaci cikin farar alkyabba, ya karkato da kunnen dama, ya saurari sunaye tun daga na farko har na ƙarshe. A kira Nna Dahbiya, a tsallake shi. In an gama ya juya ya hau gangare. Bai taɓa roƙo ba, bai taɓa bayani ba.

A shekara ta goma sha biyu na gaji. Aka ce mini rai ɗari uku da goma sha shida, na kasa ɗari uku da goma sha bakwai. Mai kira ya gama, tsibi ɗaya yana nan. Abin kunya ne ga mahauci, sai aka fara dariya.

"Rabah ya tsufa! A sayo masa tabarau!"

Na ce, "Idona ƙalau. Mai shi yana tsaye can."

Si Hamu ya fara faɗa, sai ga Nna Fetta ta ratso maza da sandarta. Mata ba sa shiga dandali ranar watanda, amma tsohuwar da ta rasa 'ya'ya biyu a motar nan, wa zai tare ta?

Ta ce, "Hamu, rufe mana baki. Ni biyu na bayar, shi ya ba da ɗayan da yake da shi. Da bai je ba, da sha biyu muka rasa. Kai mai kira, kira shi, ƙafafuna suna ciwo."

Mai kira ya ɗaga murya: "Arezki ɗan Akli, na gidan Ait Sliman!"

Bai motsa ba. Aka sake kira. Yana tsaye, kai a karkace, yana jira. Sai a lokacin muka gane kunnen daman ma ya mutu, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Ba wanda yake yi masa magana, balle a lura. Da ya ga mutane sun fara motsi, ya ɗauka an gama kamar kullum, ya juya ya kama hanya.

Na naɗe naman a ganye na bi shi har ƙofar gida. Na yi masa ihu a kunne, na nuna dandali, na nuna ƙirjinsa. Ya girgiza kai.

"Na gaya maka tuntuni, Rabah. Mayar wa yaranka."

Nna Dahbiya ta fito da kasonta a hannu. Ta karɓi nawa ƙunshin, ta tsaya daidai gaban fuskarsa, ta ce a hankali yadda zai ga bakinta, "An kira ka, Arezki."

Ya daɗe yana kallon bakin nata. Shekara goma sha shida rabon da ya ga bakin nan ya motsa dominsa.

Ko ya gane abin da ta ce, ban sani ba. Na dai san ta dafa kuskus da naman, ta ce in zauna, kuma ya ci. Sai da ya jira muka gama, ni da ita, sannan ya sa hannu.

Ya rasu cikin sanyin shekarar, bayan an gama tsinkar zaitun. Mu huɗu da muka rage cikin biyar ɗin muka ɗauki makararsa. Da Ashura ta zagayo na kasa daidai yadda aka ce mini, ba ƙari.