Kula Biyu da Surukata a Wurin Lilo

Gwagwalada, bayan asuba

Ina dawowa daga masallaci na tarar Maman Hanifa ta sauke dafa-duka tana zubawa a babbar kula. Asabar ce ta ƙarshen hutun makaranta, kuma tun farkon hutun 'ya'yanmu biyu, Hanifa da Nana, suka ɗaure ni da alkawarin kai su babban wurin wasan nan na cikin gari, mai liluka da jirgin ƙasa na yara. Ni ma'aikacin gwamnati ne, wata kuma ya yi nisa. Abokan aikina da suka taɓa zuwa sun ce kuɗin shiga mai sauƙi ne, a ciki ake yanka mutum: ruwan gora ɗaya kuɗin uku na waje, shinkafa faranti ɗaya kuwa cefanen yini guda ne.

Saboda haka na zo da tsari. Kowa zai cika cikinsa da ɗumamen tuwo kafin mu fita. Gorunan ruwa sun kwana a firiza sun zama ƙanƙara, su narke a hankali su kai mu yamma. Ga zoɓo, ga dafa-duka. Abin da kawai na yarda a saya a ciki shi ne ayis kirim, ɗaya-ɗaya, shi ma sai za mu fito. Nana ta ce ita ba ta jin yunwa da sassafe. Na ce ai ba don yunwar yanzu ake ci ba, don ta an jima ce.

Ruga

Daga gida muka bi hanyar birji zuwa rugar su Inna, mahaifiyar matata. Hanifa ce ta nace sai an je da kakarta, wai ita ma ta ga lilo. Mun isa rana na fitowa, an gama tatsa. Na durƙusa daga nesa na gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri, kamar yadda muka saba. Inna Bafulatana ce ta gaske. Duk shekarun da na yi da 'yarta ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta yi mini magana kai tsaye sai ta bakin 'yar, kuma ban taɓa ganin ta kai loma baki ba. Ko ruwa ba ta sha a gaban suruki.

Ga shi tana da ciwon suga. Maganin da take sha da safe, likita ya ce dole abinci ya biyo bayansa kan lokaci, in ba haka ba sugan ya faɗi, mutum ya yanke jiki. Matata ta tambaye ta me ta ci.

"Na kurɓi nono," in ji Inna.

"Nono kawai? Kin sha maganin?"

"Na sha. Mu tafi, kada mu tsai da mutane."

Ni ne mutanen. Matata ta nuna mini ƙaramar kula da ta zuba wa Inna faten wake daban, ta ce kada in damu, za ta ci a hanya.

Giri zuwa Kuchigoro

A mahaɗar Giri jami'an tsaro suka tsai da mu. Ɗaya ya ce in buɗe but, ya ga kuloli da goruna da tabarma, ya ce, "Oga, biki za ku?" Na ce wurin wasan yara za mu. Ya yi dariya ya ce shi ma haka yake yi, ya ɗaga mana hannu.

Titin filin jirgi babu cunkoso, Asabar ce. Muka wuce Lugbe, na tsaya a Kuchigoro, don nan ne wuri na ƙarshe da ake sayar da abu da farashin mutane kafin a shiga gari. Wata mai ƙosai, da ka ji Hausarta ka san 'yar Borno ce, ta cika mana leda har da gyara. Yara suka hau ci. Matata ta miƙa wa Inna a kujerar baya.

"Alhamdu lillahi, na ƙoshi."

Na ɗaga hannu na karkatar da madubin mota ya kalli rufi, na ƙara muryar rediyo. Na tuƙa haka har ƙofar gari, ba na ganin abin da ke bayana. Da muka tsaya a danja matata ta dube ni ta girgiza kai. Ƙosan Inna na nan a leda yadda aka ba ta.

Bakin get

Da hantsi muka isa. Layi biyu ne, na tikiti da na binciken jaka. Mai binciken wata mata ce mai kaki, Hausarta irin ta Abuja.

"Abinci na waje ba ta shiga, Oga. Ruwa zai shiga. Wannan ja ɗin, a'a."

Zoɓo ke nan ya faɗi jarrabawa. Na san da dokar, shi ya sa na shirya za mu ci dafa-duka a jikin mota in mun fito. Amma matata ta ɗaga ƙaramar kular ta ce ta maras lafiya ce, ta fito da kwalin magani. Matar ta duba, ta ce na jarirai da na marasa lafiya an yarda. Sannan ta ɗaga murya ta tambaya, "Wane ne mai suga ɗin?" Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Na mayar da babbar kula da zoɓo mota. Da na dawo mai karɓar tikiti ya yage namu ya ce, "In ka fita ba shiga kuma fa, sai sabon kuɗi." Na ce babu mai fita.

Ciki

Wurin ya fi yadda na zata girma. Ga dawakan roba masu zagaye, ga motocin karo, ga jirgin ruwa na lilo da ke sa manya ihu, can ƙarshe kuma ga babban lilon nan mai siffar ƙafar keke, wanda ake hangowa tun daga titi. Wanda ya tsara wurin ya san aikinsa: duk hanyar da ka bi daga wannan wasa zuwa wancan sai ta ratsa ta gaban mai shawarma ko mai gugguru. Ni kuma na riƙa zagayawa da yara ta bayan rumfuna.

"Baba, ƙamshi," in ji Nana.

"Shi kyauta ne, shaƙi."

Yaran suka ja Inna ta hau jirgin ƙasa. Ya zagaya da su ya dawo inda ya ɗauke su. Ta sauko ta ce wa 'yarta wannan wane irin jirgi ne da ba ya zuwa ko'ina, amma na ga tana murmushi. Daga nan ta zauna a gindin wata bishiya kan ciyawa, kula a gefenta a rufe. Ruwanmu na narkewa daidai yadda na lissafa, har na fara yaba wa kaina.

Rana na kusa da tsakiya matata ta zo ta ja hannun rigata.

"Baban Hanifa, dubi Inna."

Na saci kallo. Zufa ta jiƙa mata goshi alhali a inuwa take, hannunta da ke riƙe da carbi yana rawa. Na san abin da ke biyo bayan wannan, an taɓa kwantar da ita saboda shi.

"Ba ki ba ta faten ba?"

"Na buɗe sau biyu. Ta ce kana nan."

Na tafi rumfar da ta fi kusa na sayi lemo mai sanyi. Farashin da yarinyar ta faɗa, a wata ranar sai na tsaya na yi mata wa'azi. Na biya, na kawo na ba matata, na ce ni zan ba su wuri.

Saman lilo

Na duba inda ya fi nisa da bishiyar, na ga babban lilon nan ne. Ni mutum ne da ko tsani ba na son hawa, amma na kama hannun yara na ce mu je. Suka yi tsalle. Aka rufe mu cikin wani keji, abin ya fara ɗagawa a hankali, ni kuwa ina ta salati a zuci ina riƙe da ƙarfe.

Da muka kai ƙoli sai ya tsaya, ana ɗaukar wasu a ƙasa. Na buɗe ido. Gari duka ga shi a shimfiɗe, ga Dutsen Aso can, ga rumfuna, ga ciyawa. Ga kuma bishiyar nan, babu abin da ya tsare ta. Ga matata a durƙushe, ga Inna da kula a buɗe a cinya, cokali a hannu.

"Inna! Inna! Ga mu nan!" Hanifa da Nana suka ƙwala, suna ɗaga hannuwa. "Ga Baba ma!"

Inna ta ɗaga kai. Ina sanye da farar shadda, ko makaho ya gan ni. Ina kallo ta ajiye cokalin, ta mayar da murfi, ta ture kular gefe. Kai! Duk faɗin wurin nan, na rasa inda zan ɓuya sai inda kowa ke ganina kuma nake ganin kowa. Lilon sai da ya yi zagayensa cikakku kafin ya sauke mu, kowane zagaye kuma sai na sake bayyana a sama.

Matata ta tare ni kafin in ƙarasa. Idonta ya kawo ruwa.

"Ko lemon ba ta sha ba. Na ce mata ka yi nisa. Ta ce mutumin da yanzu yana ƙasa, an jima yana sama, ba a san ta inda zai ɓullo ba."

"Maganarta fa?"

"Ta fara nauyi."

Na miƙa mata kuɗin ayis kirim ɗin yara, na ce ta gaya wa Inna ta dubi get. Na bi tsakiyar hanya, inda za ta gan ni sosai, na nufi ƙofa. Mai tikiti ya sa hannu ya tare ni.

"Oga, na gaya maka fa. In ka fita, shi ke nan."

"Na ji. Buɗe."

Wajen get

A wurin ajiye motoci akwai wata bishiyar mangwaro da direbobi ke zama. Na yi sallama na zauna a kan benci, waya a hannu. Wani dattijo mai tasi, Bakatsine, ya dube ni sama da ƙasa.

"Alhaji, korar ka suka yi?"

"A'a. Surukata ce za ta ci abinci."

"Allah sarki. Ta daji ce?"

"Ta ruga ce."

Ya gyaɗa kai, bai ƙara tambaya ba. Wani direban da ke gefe, ba ɗan Arewa ba ne, ya ce shi bai gane ba, me ya haɗa cin abincin wata da fitar wani? Dattijon ya fara yi masa bayani, ya ga abin zai yi tsawo, ya bari.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon wayar ba. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, ina ta tunanin ta ina za a shigar da mota in ta faɗi. Sai ga kira.

"Ta shanye lemon. Tana cin faten."

"Hannun fa?"

"Ya daina. Har ta ce gishiri bai ji ba."

Na ce alhamdu lillahi har sau uku, direbobi suka taya ni. Muka yi azahar a nan gindin mangwaro. Yunwa ta taso mini, ɗumamen safe ya gama aikinsa, na ɗauko babbar kula daga but na buɗe. Ladabi ya sa na ce, "Bismillah." Su kam babu wanda ya ce ya ƙoshi. Mutum biyar suka wanke hannu, zoɓo ma ya samu masoya. Da ƙyar na rufe kular da abin da zai ishi yara.

Da la'asar suka fito, bakin Nana duk ayis kirim. Ashe bibbiyu suka sha, har da gugguru, uwarsu ta ce ba ta iya hana su ita kaɗai. Inna na tafe a bayansu da ƙafarta, garau. Aka shimfiɗa tabarma yara suka cinye sauran dafa-duka, suna ba ni labarin wasannin da na biya wa kaina ban gani ba. Tikitina ya tafi a rabin yini, lemo ya tafi, rabin kula ya tafi. Ruwan ƙanƙara ne kaɗai ya bi tsari, har muka taso da sauran sanyinsa.

Komawa

A Lugbe muka sha cunkoso, yara suka yi barci a jikin kakarsu. Mun wuce Giri rana na faɗuwa, muka isa ruga ana shirin magariba, shanu na shigowa. Na fito na buɗe mata ƙofa, na koma gefe na durƙusa. Ta sauka, ta gyara mayafi, ta ce wa 'yarta wata magana da Fillanci a gajarce, ta shige.

Matata ta dawo mota tana danne dariya. Sai da muka hau kwalta na tambaye ta.

"Me ta ce?"

"Ba kai ta gaya wa ba."

"Na sani. Me ta ce?"

"Ta ce, ashe Kaɗon nan naki yana da kunya."

Kaɗo shi ne ni, Bahaushe. Tun da na auri 'yarta, wannan ce maganar yabo ta farko da na ji Inna ta faɗa a kaina, kuma a bakin Bafulatana ban san wadda ta fi ta ba. Ina tuƙi, daɗi ya cika ni har na wuce kwanar gidanmu sai da Hanifa ta farka ta ce, "Baba, ina za mu?"

Muka juyo, muka shiga gida lafiya ana kiran isha'i. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu, mu biyar, kowa da ƙafarsa.