Tafiyar da Muka Kai Ƙafafun Ƙanena Kano

A shekarar nan da aka yi wa ma'aikatan gwamnati ƙarin albashi, har malaman makarantar garinmu suka sayo babura, ƙafafun ƙanena suka fara mutuwa. Wata bakwai muna magani a gida kafin mu yi tafiyar da zan ba ku labari. Ni ɗan ajin yaƙi da jahilci ne, ku yi haƙuri da rubutuna.

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu na ƙasar Baure, ni da shi, na goya shi har bakin hanya. Motar kasuwa ta kai mu Daura tare da awaki huɗu. Awakin sun fi mu samun wuri. A tashar Daura direban ƙaramar bas, kiya-kiya, ya ce mai kwanciya kuɗin mutum biyu zai biya. Na biya ban ce uffan ba, haka halina yake. A Kazaure muka sha fura, mai furar ta rantse geronta na bana ne, harshena bai yarda ba. Daga nan har Kano manyan motocin siminti ne ke wuce mu, ni kuwa ina ta haɗa baƙaƙen da ke jikinsu don in rage tunani.

Kano ta cika da sababbin motoci da gine-gine, amma kwana uku muka yi a barandar asibiti kafin layi ya zo kanmu.

Likitan saurayi ne, bai kai ƙanena shekaru ba. Ya yaye zanen da ke rufe da ƙafafun ƙanena, ya ga tabon wuta jere a ƙwaurinsa.

"Baba, wannan fa?"

Na ce sakiya ce, wanzami ya yi masa da ƙarfe mai zafi.

"Ya ji zafi?"

"Ko motsi bai yi ba," in ji ni, har da ɗan alfahari. "Ranar duk unguwa sai da aka yaba jarumtarsa."

Likita ya ajiye alƙalaminsa.

Sai ya ɗauko allura, ya ce wa ƙanena ya rufe ido. Ya tsikare shi a tafin ƙafa, shiru. Gwiwa, shiru. Cinya, shiru. Yana hawa a hankali, sai da ya kai cibiya ƙanena ya ce, "Kai, Yaya, me ya cije ni?" Likita ya ja layi da biro a wurin. Ya buga gwiwar da 'yar guduma, ƙafar da ba ta tafiya ta yi tsalle. Ya karci tafin ƙafar da makulli, babban yatsa ya ɗaga sama. Daga nan ya kifa shi, ya bi ƙashin baya da yatsa har ya tsaya a kan wani ƙullutu, ɗan sama da saitin cibiya.

Ya ce, "Ga ciwon nan. Ƙafafunsa lafiyarsu ƙalau. In wayar tangaraho ta tsinke a Kazaure, saƙon Kano ba zai isa Daura ba, kuma ba a gidan wayar Daura ake gyara ba. Tarin fuka ne ya ci ƙashin, ya danne lakar da ke kai saƙo."

Jama'a, ƙullutun nan na san shi. Tun watan farko na nuna wa malamin asibitin da ke zagayowa ƙauyenmu da jakar allura. Ya ce da ni, "Kai da ko sunanka ba ka iya rubutawa, za ka koya mini aiki? Mutum ya ce ƙafa, kai kana baya." Ya ci gaba da zuba masa allura a cinya kowane mako, ƙanena bai ji ko ɗaya ba, shi kuwa bai taɓa tambayar dalili ba. Abin da likita ya gano da allura ɗaya da makulli kafin shayi ya huce, ba ya bukatar inji, ba ya bukatar kuɗin fetur ɗin da ake ta faɗa a rediyo. Tambaya kawai yake bukata.

Na tambayi likita ko ƙanena zai tashi. Ya ce da a watanni biyun farko muka zo, da ya ce mini e. Yanzu ciwon zai tsaya da magani, ƙafa kuwa ba zai yi mini alkawari ba.

Wata biyu muka yi a asibiti. Muka dawo ta hanyar da muka bi, na sake goya shi daga bakin hanya zuwa gida. Mutane suka zo sannu, wani dattijo ya sake yabon jarumtarsa. Ranar, karon farko a rayuwata, na katse babba yana magana.

Abin da tafiyar ta koya mini ke nan: haƙurin da ake yabona da shi, shi ya rufe mini baki ranar da ya kamata in buɗe. Mun rasa wata bakwai, da damina ɗaya, da shanun noma biyu da muka sayar don magani, da ƙafa biyu.