Akayau Ɗin Sarkin Rawa

Ƙarfe goma sha ɗaya na safe ne, ranar Talata. Mu biyu ne a ɗakin ajiyar kaya: ni da tsohon makaɗinmu da kowa ke kira Baba, yana zaune a kan akwati yana ɗaure fatar ganga. Ana ruwa a waje, irin yayyafin nan na Jos da ba ya ƙarfi kuma ba ya tsayawa. Washegari za a zaɓi waɗanda za su wakilci ƙungiyarmu a wani babban taron raye-raye a wata jiha. Saboda haka na baje kayan rawa a kan tabarma, ina duba su ɗaya bayan ɗaya.

Kafin in ci gaba, ya kamata in bayyana yadda aikinmu yake, domin mutane na zaton ɗan rawa sha'awa kawai yake yi. Mu aiki ne muke yi, da lokacin zuwa da lokacin tashi. A ƙungiyarmu akwai 'yan ƙabilu da yawa, kuma kowa sai ya koyi rawar kowa. Sabon shiga a layin baya yake farawa. In ya ƙware a matso da shi tsakiya. In Allah ya ba shi ƙafa, sai layin gaba. Daga nan kuma tafiyar juyawa take yi: gwiwa ta fara ciwo, a mayar da shi tsakiya, sannan baya, sannan gefe wurin masu tafi, sannan gida. Ban taɓa ganin wanda ya tsallake wannan tsari ba, sai wanda ya koma kiɗa ko ya sami aikin zama irin nawa.

Ni ban wuce layin tsakiya ba. Da tsohon mai kula da kaya ya rasu, a farkon shekarun dubu biyu, wanda aka fara yi wa tayin kujerar shi ne babban ɗan rawarmu, mutumin unguwar Gangare da ke Jos, wanda ake wa laƙabi da Sarkin Rawa. Ni Yaya nake ce masa, domin shi ya koya mini taka ƙafa tun ina sabo. Ya ƙi karɓa. Ya ce wa oga, wato shugaban ƙungiyar, "Ni in zauna ina linke zane ana kiɗa a waje? A ba ƙanena, ya gama firamare, kuma ko takalminsa a jere yake ajiyewa." Haka na sami sito, kuma na riƙe shi da tsari. Wanda ya yaga kaya, oga zai ji. Wanda ya makara da dawo da hula, oga zai ji. Ban ɗauki wannan a matsayin mugunta ba.

A ranar Talatar na fara da zannuwa, na koma kan wutsiyoyin da ake riƙewa a hannu, sannan na zo kan akayau, abin da ake ɗaurawa a ƙafa ya riƙa ƙara in an taka. Namu na kaba ne, an saƙa shi ƙananan aljihuna, kowanne da tsakuwa a ciki. Kowane ɗan rawa da nasa da alamarsa. Ina ɗauka in girgiza kusa da kunne, in ajiye. Da na zo kan na Yaya, na ƙafar dama ya amsa, na hagu shiru. Na sake girgizawa, babu komai. Na duba ko ya huje ne tsakuwar ta zube. Babu huji ko ɗaya, ɗinkin ma ya fi na sauran kyau.

"Mai sito," in ji Baba, bai ko ɗago kai ba, "wannan ka bar shi yadda ka gan shi."

"In bar shi? Ba ya ƙara, Baba."

"Mai shi ya kawo maka kuka?"

"Ba sai ya kawo ba. Kaya ba ya fita daga ɗakin nan da aibu. Gobe gwaji, kuma na Yaya ne."

Baba ya ja igiyar gangarsa da haƙori, ya tofar da zare, ya ce, "Kai dai da hedimasta aka yi ka, da yara sun ga ta kansu." Ya dube ni kamar zai ƙara wata magana, sai ya ɗauki gangarsa ya fita cikin ruwan.

Na farke ɗinkin da reza. Ina da tsakuwar rafi a gwangwani, wadda na tsinto da kaina na wanke, ƙanana masu santsi da ke ba da ƙara siririya. Na zaɓi mafi kyau na zuba wa Yaya, na ɗinke, na girgiza. Duk cikin kayan babu mai amo irin nasa. Na tafi gida ina jin na yi wa maigidana hidima.

Oganmu yana da hanyarsa ta gwaji. Ba kallon rawa yake yi ba. Kujera yake sawa ya juya wa 'yan rawa baya, ya rufe ido. Ya sha faɗa mana cewa ido ana yaudararsa da murmushi da kaɗa kafaɗa, amma in ƙafafu sun sauka tare, akayau ƙara ɗaya zai yi. In ya ji ƙara biyu, akwai mai makara.

Da safen Laraba na raba kaya a bakin ƙofa. Yaya ya zauna a benci ya ɗaura na dama. Da ya ɗauki na hagu, sai hannunsa ya tsaya. Ya ɗan motsa shi, ya ji. Ya ɗago ya dube ni, ni kuwa ina tsaye ina jiran yabo.

"Ƙanena, aikinka ne wannan?"

"Ni ne, Yaya. Tsakuwar rafi ce."

"Na ji. Har ta fi ni murya." Ya yi dariya, ya sunkuya ya ɗaure shi tam. Matan da ke kusa da shi babu wadda ta yi dariya. Ɗaya ta juya ta kalli Baba, Baba ya kalli ƙasa.

Aka fara kiɗa. Zagaye na farko lafiya, domin a hankali ake takawa. A na biyu, inda ake tsalle a sauka kan ƙafar hagu, na ji abin da ban taɓa ji ba a layin gaba: duk akayau ya faɗi tare, sannan wata ƙara siririya ta biyo baya ita kaɗai. Tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma a kowane tsalle tana nan. Kuma na san tsakuwar.

Oga ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya. Bai juyo ba.

"Layin baya, ku kaɗai."

Suka yi, ƙara ɗaya. Na tsakiya suka yi, ƙara ɗaya.

"Layin gaba. Baba, kuma ka daina jan kiɗan nan, ina jin ka. Ka buga shi yadda yake."

Baba ya buga yadda yake. Yaya ya yi rawar da fuskarsa a sake, kafaɗunsa na tafiya kamar na saurayi. Wanda ke kallo ba zai ga komai ba. Amma oga ba kallo yake yi ba. Ya sa suka riƙa fita ɗaya-ɗaya daga layin, har ya rage mutum biyu, ƙarar tana nan. Kafin ya ce wani abu, Yaya ya tsaya da kansa.

"Oga, kada ka wahalar da yaran nan. Ni ne."

Sai a lokacin oga ya juyo. Ya dubi Yaya, ya tambaya, "Tun yaushe?"

"Tun daminar bara. Gwiwar ba ta son sauka."

Oga ba mugu ba ne. Ya ce masa ya zauna ya huta, za su yi magana. Amma motar da ta tafi taron ba da Yaya ta tafi ba. Ni na tafi, domin kaya ba sa tafiya babu mai sito. Ni na ɗaura wa wanda ya maye gurbinsa hular gaba.

A hanya Baba ya gaya mini sauran. Yaya da kansa ya zazzage tsakuwar ya ɗinke, don kada a ji ƙafar tana makara. Duk layin gaba sun sani. Matan sun sani. Shi Baba yana ɗan jan kiɗa a wurin tsallen. So suke Yaya ya kai ƙarshen shekara a layin gaba, saboda ana maganar za a ɗauki mai koyar da sababbi, kuma daga layin gaba ake ɗauka.

"Me ya hana ku gaya mini?" na tambaye shi.

"Kai? Wanda ya kai ƙarar mace saboda ɗankunne ɗaya?"



Bayan mun dawo, tsarin da na faɗa a baya ya bi ta kan Yaya da sauri. Tsakiya, sannan baya. Da aka ce ya koma gefe wurin masu tafi, sai ya kawo mini kayansa a linke, ya ce in duba ko akwai abin da ya ɓata. Babu. Aikin koyarwar wani aka ba.

Yanzu yana unguwar Dilimi, yana zama a shagon tayoyin wani ƙanensa na jini, yana miƙe ƙafar a kan wani tsohon rim, ƙarfen tayar mota. Ina zuwa gaishe shi ranar Juma'a bayan masallaci. Bai taɓa canza mini fuska ba. In ya hango ni sai ya ce wa masu shago, "Ku gyara zama, ga sufeto nan." Ya sa a kawo mini shayi. Da zai zage ni sau ɗaya, da na fi samun sauƙi.

Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Yaya, da ka gaya mini tun farko."

"Da na gaya maka, me za ka yi?"

Na buɗe baki in ce da na rufa masa asiri. Ya zuba mini ido yana jira. Mutumin da ya koya mini rawa ba zan yi masa ƙarya ba, kuma har yau ban san amsar ba.

"Ka gani," in ji shi. "Shi ya sa na raba ka da wahalar zaɓi. Sha shayinka, ƙafa ce ta tsufa, ba kai ka tsufar da ita ba."

Kowa haka yake ce mini, har matata. Na yarda ban karya doka ba. Amma na yi ritaya daga kujerar da ya bar mini, ina tafiya da ƙafafuna biyu lafiya, shi kuwa sai ya dafa bango yake tashi.

A zuwana na baya-bayan nan na tarar yana gaya wa jikokinsa yadda yake tsalle a dā. Babbar cikinsu ta ce, "Kaka, kai da ko tsallake kwata ba ka iyawa?" Aka yi ta dariya, har da shi. Da suka tafi ya tambaye ni, a hankali, ko akwai kaset ɗin wasanninmu a sito. Akwai a dā, amma danshi ya cinye su tun kafin in bar aiki.

Don haka ga roƙona gare ka, mai karatu. A waɗancan shekarun mun yi rawa a bukukuwa da tarurruka da yawa a Jos da kewaye, kuma kusan ko'ina akwai mai ɗaukar bidiyo. In gidanku akwai tsofaffin kaset na biki a ƙarƙashin gado ko cikin akwati, ka daure ka sa a duba. Ka nemi dogon mutum baƙi, mai wushirya, a tsakiyar layin gaba, wanda yake sauka daga tsalle yana dariya. In ka same shi, kada ka neme ni. Ka kai kaset ɗin layin masu taya a Dilimi, ka tambayi tsohon ɗan rawa, kuma ka je da yamma, lokacin da jikokinsa suke dawowa daga makaranta.